Anti Rifkatu, Malamar Aji Uku, Ta Koma Gida

Labarin ya same ni da safen nan, ina cikin keke a hanyar makaranta.

Anti Rifkatu ta rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Ku yi haƙuri idan rubutun ya zo muku a hargitse.

Ya Falmata ce ta kira ni, mai gidan da Anti take haya a unguwar Abbaganaram shekara goma sha tara. Ba ta taɓa kirana ba sai ta fara da wushe, gaisuwarsu ta Kanuri, ta tambayi 'yata, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Yau ba ta yi ko ɗaya ba. Cewa kawai ta yi, "Saratu, Antinki ta tafi."

Na ce ta tafi ina? Yau Laraba, ranar wankin ƙodarta ce. Na ɗauka an wuce da ita asibiti da wuri saboda layi.

Sai na ji kukan mata a bayanta.

Ban san lokacin da na ce wa mai keke ya tsaya ba. Na sauka wajen Mafoni, na tsaya bakin titi rungume da littattafan yaran da na yi makin jiya. Masu shago suna buɗewa, wani yana shara, wata tana soya ƙosai. Komai yana tafiya yadda ya saba, ni kuwa na rasa ko gaba zan yi ko baya.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba ta da shafi a nan, wayarta ma ƙarama ce mai madannai, ta ɗaure bayanta da roba. Malamar aji uku ce a firamaren da nake koyarwa. Shi ya sa nake so in faɗa muku ko wace ce, don kada ta wuce haka kawai kamar ba a yi ta ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na shigo Maiduguri daga ƙauyenmu can kudancin Borno, da jaririya 'yar wata huɗu a bayana. Mijina Ayuba ya fita da safe zai kai wake kasuwa, 'yan bindiga suka tare motarsu a hanya. Wani da ya tsira ne ya ce ya ga lokacin da aka harbe shi. Iyakar abin da na samu ke nan. Ba mu ga gawa ba, ba mu yi jana'iza ba, ba ni da kabarin da zan je in tsaya.

Da aka maido ni aiki cikin gari, ranar farko na shiga ofishin malamai ban san kowa ba. 'Yata Alheri tana ta tsala kuka, nono ya jiƙa min gaban riga, ga maza a zaune. Wata mata gajera mai tabarau ta taso, ta cire mayafinta ta yafa min, ta kwance yarinyar daga bayana ta goya ta, ta ɗauki allinta ta shige aji.

Haka ta koyar da lissafi ranar, da 'yar wata a bayanta. Sai da aka tashi muka tambayi sunan juna.

Tun ranar take ce min ƙanwata, nake ce mata Anti.

A shekarar farko, wata rana sai in zauna gaban littattafai in ƙura musu ido har a buga ƙararrawa, ban taɓa ko ɗaya ba. Ita ce take jan rabi zuwa teburinta, ta yi makin da jan biro, ta maido min ba magana. Kunun gyaɗa a filas kullum, kofi biyu take zuwa da su. Idan na ce ba na jin yunwa sai ta ce ita ma ba ta ji, amma kunun ba zai sha kansa ba.

Shekara biyu cur ban taka ƙofar coci ba. Fushi nake yi da Allah, kuma ban ɓoye ba.

Mutane da yawa sun zo min da wa'azi, wasu har da tsoratarwa. Anti ba ta taɓa yi ba. Ranar Lahadi bayan sujada za ta biyo ta ɗakina cikin yunifom ɗinta na zumuntar mata, ta zauna bakin katifa ta cire takalmi, ta ba ni labarin wanda ya yi gyangyaɗi lokacin wa'azi da wadda ta ɗauko waƙa sama har muryarta ta maƙale. Sai na yi dariya ba na so. Idan za ta tafi ta ce, "An yi miki addu'a. Ba sai kin gode ba."

Wata Lahadi na fashe mata. Na ce Anti, mene ne amfanin rayuwar nan? A haife ka, ka sha wahala, ka yi noma, ka yi aure, wata safiya a tare ka a hanya a yar da kai a daji, ko inda ƙasusuwanka suke ba wanda ya sani. Na ce idan akwai ma'ana a ciki ta nuna min, ni ban ga komai ba.

Na zaci za ta buɗe min aya. Sai ta ce ita ma ba ta san amsar duka ba, kuma ba za ta yi min ƙarya ba.

Ranar ce ta fara ba ni labarin Dauda, ɗanta na fari, wanda sanƙarau ya ɗauke yana ɗan shekara tara. Kwana uku kawai ya yi yana ciwo. Ta ce ita tana da kabari, ta yi shekara guda tana zuwa duk Asabar, kuma ba ta taɓa samun komai a wurin ba sai yashi da rana.

Ta ce, "Ke ba ki san inda Ayuba yake kwance ba. Allah ya sani. Ranar da zai ta da nasa, ba wurinki zai zo tambayar adireshi ba."

Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba tun da abin ya faru. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta tashi ta ɗora min ruwan wanka, ta yi wa Alheri kitso, ta tafi.

Ba ranar na koma coci ba, sai bayan wata biyar ko shida. Na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa don in samu hanyar gudu. Ta hango ni daga cikin matan zumunta, ta kau da kai kamar ba ta gan ni ba, don kada in ji kunya. Har yau a bencin nan nake zama.

Kada ku ɗauka mala'ika nake kwatanta muku. Anti tana da faɗa. Idan ka makara aiki za ta duba agogo a gabanka. Ta taɓa yin sati biyu ba ta yi min magana ba saboda na mari wata yarinya a aji. Da ta sauko, cewa ta yi ɓacin raina ba yarinyar ce ta jawo shi ba, in daina sauke wa 'ya'yan mutane. Gaskiya ta faɗa, kuma ban sake ba.

Ba kuma kullum take da ƙarfi ba. Lokacin da ruwa ya shigo gari, unguwarsu na cikin waɗanda abin ya ci. Ita da mijinta Baba Istifanus da iyalin Ya Falmata tare suka fito, ruwa har ƙirji, suna riƙe da juna. Sati uku ta yi a ɗakina. Da suka koma gida, ba katifa ko takardun makaranta ta yi wa kuka ba. Hoton Dauda guda ɗaya tak take da shi, na ranar da ya fara makaranta. Ta same shi a cikin laka, fuskar ta wanke tas, sai fari.

Ta zauna a ƙofar ɗaki da takardar a hannu ta ce min ta fara manta kamanninsa. Ta ce ya bar ta tana da shekara talatin, yanzu ga furfura ga tabarau. "Zai gane ni kuwa, Saratu?"

Na zauna kusa da ita kawai. Can ta share fuska da bakin zani ta ce to, wanda ya yi alkawarin haɗa mu shi zai san yadda zai gabatar da mu. Ta tashi muka ci gaba da kwashe laka.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa. Tana ta wasa tana cewa takalmanta ne suke tsukewa. Mun matsa mata ta je asibiti, aka yi gwaji, likita ya ce ƙodojin sun riga sun gaji duka biyun.

Daga nan rayuwarta ta koma Laraba da Asabar. Awa huɗu a jikin na'ura, ta dawo kamar an matse tsumma. Ranar Asabar ni nake raka ta, ranar Laraba Ya Falmata. Mata biyun nan, ɗaya da carbi ɗaya da littafin waƙoƙin coci a jaka, har nas-nas sun ɗauka 'yan uwa ne na jini.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa a nan ba shi ne, na je an gwada ni. Likita ya ce idan aka sami wanda zai ba ta ƙoda ɗaya, akwai hanya. Baba Istifanus yana da hawan jini ga shekaru. 'Yarsu Maryamu da ke aure a Jos tana da ciki. Na ce to ga ni, ina da biyu. Ban gaya wa Anti ba, na je a ɓoye aka ɗebi jinina.

Na yi azumi, na yi addu'a yadda ban taɓa yi ba. Na ce Ubangiji, ban roƙe ka ka dawo min da Ayuba ba, wannan ɗaya kawai nake roƙo.

Sakamako ya fito, jinina bai zo ɗaya da nata ba.

Na zauna a barandar asibiti da takardar a hannu na rasa wanda zan yi wa faɗa. Abu ɗaya da nake da shi da zai yi mata amfani, yana cikin jikina, ina ɗauke da shi ina yawo, kuma ba zai yi mata ba.

Ya Falmata kaɗai na gaya wa, ita kuwa ba ta iya riƙe magana, ta gaya wa Anti. Anti ta kira ni ta ce, "Wa ya aike ki? Alheri fa, wa kika bar wa?" Ta yi min faɗa sosai. Da ta gama ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta sake ba.

Abin da ya fi ba ta wahala ba allura ba ne, ƙishi ne. An hana ta shan ruwa sai ɗan kaɗan da aka auna mata a rana. Ku da kuke garin nan kun san zafinmu. Mutum yana zaune ma maƙogwaro bushewa yake yi. Sai a fasa mata ƙanƙara ƙanana ta sa ɗaya a baki tana tsotsa a hankali. Na daina shan ruwa a gabanta. Ta lura, ta ce in sha mana, ko kallo ta yi ta ji daɗi.

Ranar Lahadin nan da ta wuce na gan ta ƙarshe.

Na je bayan sujada, na same ta a tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta tsakar gida, an jingina ta da filo biyu. Fuskarta ta kumbura, numfashin ma da ƙyar. Amma ta ce in zauna in ba ta labarin coci, wa ya yi gyangyaɗi. Na ce mata ni ce. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

Ta tambayi yaran ajinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wata bakwai rabonta da aji, ba ta manta ko ɗaya ba.

Ban san abin da ya sa ba, na tambaye ta ko tana jin tsoro.

Ta ce, "Ina ji mana. Ban taɓa mutuwa ba."

Ta huta kaɗan, ta ce ba inda za ta take tsoro ba, ƙofar ce. Ta ce akwai ranakun da take kwance jikin na'ura tana yi wa Allah faɗa a zuciyarta, tana tambayarsa laifin me ta yi, kuma bai ba ta amsa ba. Amma ta ce duk faɗan da ta yi, ba ta taɓa jin ya tashi ya bar ta ba. "Wanda nake bi ya riga ya shiga kabari ya fito, Saratu. Ba wurin da bai sani ba zai kai ni."

Ta ce kwanciyar nan ta sa ta yi ta lissafin rayuwarta. Ba ta gina gida ba, ba ta zama hedimistires ba, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Da tana ganin sai mutum ya yi wani babban abu sannan a ce ya rayu. Yanzu abin da yake dawo mata shi ne fuskar yaro a ranar da ya fara haɗa baƙi ya karanta kalma da kansa. Ta ce ba ta sani ba ko wannan ya isa a kira shi ma'ana, amma abin da aka ba ta ke nan, ta yi shi iya ƙarfinta, sauran kuma alheri take dogara da shi, ba aikinta ba.

Sannan ta kalli randar Ya Falmata da ke gefe ta ce in ta isa can, kafin gaisuwa, kafin waƙa, za ta ce a ba ta ruwa mai sanyi cikin babban kofi ta shanye ba wanda zai auna mata.

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Wajen la'asar na miƙe. Ta ce in ɗan ƙara zama. Na ce Anti ina da sakamakon jarabawa da ban gama cikawa ba, hedimasta yana jira gobe, zan zo Laraba da yamma idan kin dawo daga asibiti.

Ta ce to, Allah ya kai mu.

Wannan ne yake cina tun safe. Sakamakon jarabawa. Takardun na gama su, na kai, ba wanda ya ko buɗe su har yanzu. Awa ɗaya ta roƙa ban ba ta ba. Na san za ku ce ban sani ba ne. Na san ban sani ba. Sanin hakan bai rage min komai ba.

Ya Falmata ta ce da asuba ne, tana alwala ta ji Baba Istifanus yana kiran sunan Anti. Kafin a samo mota an gama. Ta ce Anti ba ta sha wahala ba. Ina fata gaskiya ne, ba don ta kwantar min da hankali ta faɗa ba.

Zan faɗa muku gaskiya, don ita ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Na gaskata da tashin matattu. Ina faɗa duk Lahadi, kuma ina nufin abin da nake faɗa. Amma da safen nan ban ji shi a jikina ba. Abin da na ji shi ne kujerarta a ofishin malamai ba kowa, kuma ba abin da zan iya yi a kai. Duk shekarun nan idan bangaskiyata ta yi sanyi, tata nake jingina da ita. Yau ban san da me zan jingina ba. Ina riƙe da begen, amma da yatsa biyu nake riƙe da shi.

Na isa gidan wajen ƙarfe tara. Mata sun cika tsakar gida, na zumunta da maƙwabta, wasu da ɗankwali wasu da hijabi. Baba Istifanus yana zaune a kujerar roba, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan yana hannunsa. Fasto bai iso ba tukuna. Da ya gan ni ya ce, "Saratu, ke ce ƙanwarta. Yi mana addu'a."

Kowa ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki na ce, "Ya Uba."

Shi ke nan. Sauran ya ƙi fitowa. Na tsaya a wurin ina ƙoƙari, ban san minti nawa ba. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya karɓe ni.

Can sai na ji muryar Ya Falmata daga bakin ƙofa ta ce, "Amin." Sauran mata suka amsa, amin.

Addu'ar da na kasa yi a can ita ce zan rubuta a nan.

Ya Uba, ga baiwarka Rifkatu. Kai ka yi ta, kai ka san gajiyarta. Ka karɓe ta, ba don ta cancanta ba, sai don Yesu Almasihu da ta dogara gare shi har numfashinta na ƙarshe. Ka ba ta hutu. Ka riƙe Baba Istifanus, shekara talatin da tara suna tare, bai san yadda ake kwana a tashi ba ita ba. Ka kawo Maryamu lafiya daga Jos, ita da abin da ke cikinta. Ka ta'azantar da Ya Falmata da gidanta, ka sāka musu da alheri. Mu kuma da muka rage, da ba mu gane hanyarka ba, kada ka sake mu ko da mu mun sake ka. Ka kai mu ranar da za mu sake ganin namu. A cikin sunan Yesu, amin.

Ku da kuka karanta har nan, ba na neman komai sai addu'a. Ku ambaci sunanta, ku ambaci iyalinta, kowa yadda ya saba roƙon Allah.

Ku sa da ni ma. Gobe da safe ni aka ce in shiga aji uku in gaya wa yaran, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.